Ranar da Matan Nuzla Suka Je Gaida Mutanen Bango

A gidan da na yi aiki a Jidda akwai wasu mutane da na tarar suna cin abinci, na tsufa na baro su suna ci. Su ba su ƙoshi ba, abincin bai ƙare ba, rana kuma ba ta faɗi a kansu ba. A jikin bango suke, cikin wani zane mai faɗin tabarmar mutum biyu, irin wanda Larabawa ke ce wa loha.

Ni haifaffiyar Sudan ce, ta bakin kogi, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka har zango ya zama gari. Jirgin ruwa ne ya kawo mu Jidda ni da maigidana, Allah ya jiƙansa. Shi ya kama dako a tashar jiragen ruwa, muka sami ɗaki a unguwar Nuzla, ni kuma da yara suka tasa na shiga aikin gida. Boko ban yi ba, allo ma iyakacina abin da zan yi salla. Amma baki, alhamdu lillahi, wannan an ba ni. In na buɗe shi a tsakar gida, mai daka sai ta jingine taɓarya.

Uwar ɗakina Balarabiya ce 'yar asalin Jidda, Sitti muke ce mata. Mijinta ya yi fatauci a ƙasar Faransa da ƙuruciyarsa, shi ya zo da lohar. Ranar da na fara aiki ta zaga da ni gidan kaf, nan ki share, nan ki goge, nan ki wanke. Da muka zo babban falon baƙi sai ta tsayar da ni, ta nuna min wata jar darduma da ta cinye rabin ɗakin, ta ce kada ƙafata ta hau ta. Wai wata mai aiki kafin ni ta taɓa nufar lohar da jiƙaƙƙen tsumma, saura ƙiris, tun daga ranar can gefen ɗakin ita da 'yarta ke gyarawa. Na ce to. Ni in an shata min iyaka ba na tsallakewa, ba don tsoro ba, don ban saba a faɗa min magana sau biyu ba.

Sannan na ɗaga kai.

Wani fili ne a bakin ruwa, ƙarƙashin itatuwa, an ja dogon tebur mutane sun kewaye shi da la'asar. Matan da baƙaƙen riguna, kowace ta ɗaura farin ɗankwali da aka sa wa sitaci ya tashi kamar fiffiken balbela. Wata na zuba abin sha daga buta. Wasu biyu sun haɗa kai, ko ba a faɗa maka ba ka san da mutum suke. Wani tsoho ya ɗora malafa a gwiwa yana gyangyaɗi. A ƙarƙashin teburin ga yaro ga kare. Can gefe kuma, ita kaɗai, wata mace ta juya wa kowa baya, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya tana kallon jiragen masunta. Babu wanda ya kalle ni a cikinsu. Sha'aninsu kawai suke yi, kamar na leƙa gidan mutane ta katanga.

Amma launin ne ya tsayar min da numfashi. Ƙasar wurin ja wur kamar an shanya barkono. Ruwan ya yi ruwan ɗorawa. Tsohon nan rabin fuskarsa kore shar. Inuwar itatuwan kuwa, da ta teburin, da ta matar nan, shuɗiya ce, shuɗin baba sak. Kuma abin da ya ɗaure min kai, babu abu ɗaya da ya yi kama da kuskure. Ina tsaye cikin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, amma zafin la'asar ɗin nan nake ji a ƙeyata, har ƙarar cokula sai da na ji.

Shekara da shekaru haka muka yi da su. In an yi baƙi na kawo gahawa, in dire tire a kan ɗan teburin da ke bakin darduma, in saci kallo. In ba baƙi, in tsaya a ƙofa da tsintsiyata. Na san su fiye da wasu dangina.

Mu a Nuzla hoshi ɗaya muke, wato tsakar gida ɗaya da ɗakuna suka kewaye. Bayan la'asar mata kan fito a hura gawayi, a soya gahawa a daka da citta, a ɗora jabana, 'yar tukunyar ƙasar nan mai dogon wuya da muka zo da ita daga Sudan. Ga gugguru a faranti, ga turaren wuta yana tashi. A nan nake kawo musu labarin mutanen bango. Na gaya musu tsohon nan ba barci yake ba, kunne ya kasa. Biyun da suka haɗa kai kuwa, gulmar mai butar suke, wai ta cika iyayi. Matar da ta juya baya kuwa, mijinta ya fita su teku ta riƙe shi, takaba take, an matsa mata ta fito ta sha iska, ta fito amma abinci ya ƙi wuce maƙogwaro. Wannan ba don daɗin baki na faɗa ba. Na san tsayuwar, na yi irinta a bakin tekun nan shekarar da maigidana ya rasu.

To ina da taubashiya, 'yar gwaggona, tare muka taso a bakin kogi, tare aka sauke mu a Jidda. Yadi take sayarwa a kasuwar Bab Makka. In ta murza atamfa da yatsu biyu ta kai ta hanci, za ta gaya maka ko za ta zuba ko ba za ta zuba ba. Wata la'asar ina tsaka da labari ta ajiye finjali.

"Tsaya, tsaya, Hajja. Me kika ce launin inuwar?"

Na ce, "Shuɗi."

"Inuwa? Yaushe inuwa ta fara zuwa marina?"

Mata suka kwashe da dariya, wata har da ƙwarewa da gahawa.

Taubashiyata ta ɗora, "Shi kuma tsohon mai koriyar fuska ai asibiti za a kai shi, ba tebur ba. Ke dai faɗi gaskiya, sanyin mukayyif ne ya taɓa miki kai."

Na ce, "Baiwata, ke da iyakar ganinki tsakanin yadi da almakashi, ina za ki san abin manya? Sha gahawarki."

"Uwar gijiyata, ai shi ya sa na tambaya. Launi sana'ata ce."

Wasan taubasai ba ya zafi, kowa ya sani. Amma wannan ya kuɓuce daga hannunta ya shiga unguwa. Wata ta ce in ɗauko musu a waya. Na ce gidan mutane amana ne, ko cokalinsu ba na ɗaukar hotonsa. Taubashiyata ta ce, "Kun ji ko?" Tun daga nan, duk wadda ta shara ƙarya a hoshi sai a ce mata ta kawo shuɗiyar inuwa. Ran nan a gidan suna, a wani layin ma ba namu ba, na ji wata yarinya da ban taɓa gani ba tana ce wa ɗanta, "Kai, kar ka yi min shuɗiyar inuwa, wa ya sha madarar?" Ba ta san mai inuwar ce ke zaune kusa da ita ba.

Abin ya ci ni. Ni fa in zan yi tatsuniya ina faɗa, a ƙarshe kuma in ɗora wa gizo alhakin ƙaryata kowa na ji. Amma in na ce na gani da idona, wannan shaida ce. Mace kamata, ba takarda, ba gida na kaina, iƙamata ma, wato izinin zama, a hannun wani take, in aka ɗauke maganata me ya rage? Sai na daina kawo labarin mutanen bango. In an tambaya in ce suna nan lafiya.

Ana nan, girma ya kama Sitti, ƙafa ta ƙi, ɗanta ya ce ta koma wajensa. Za a rufe gidan, lohar kuma za a sa ta a akwati a aika wa 'yarta da ke aure a wata ƙasa. Ni ma gwiwata ta ce halas, ya isa haka. Sitti ta kira ni ɗakinta, ta riƙe hannuna ta ce in faɗi abin da nake so na sallama. Ta zaci zinariya zan ce. Na ce ta ba ni izini in kawo matan hoshinmu su ga loha kafin a rufe ta. Ta kalle ni, ta yi dariya har da tari, ta ce gobe direba zai je ya ɗauko mu.

Da safe ka ce biki za mu. Kowace ta fito da tobi, lulluɓin matan Sudan, wanda take ɓoyewa a ƙasan akwati, an sha humra, ga faranti an ciko da dubulan, don ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Taubashiyata ta ce, "Dubulan ɗin wa za a ba, Sitti ko masu cin abincin?" Mu biyar ne har da Malama, wadda ke koya wa matan layinmu karatu. Ita haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Tun a mota ta faɗa mana ita gaida Sitti za ta, amma ɗakin da ke da surar mutane ba ta shiga, mala'iku ma ba sa shiga.

Muka gaida Sitti, aka turo ta a keke zuwa falo. Ɗakin ya zama kango. An kwashe kujeru, an naɗe jar dardumar an jingine, ga akwatin katako a ƙasa yana jira. Lohar na nan a wurinta amma an lulluɓe ta da farin zanin gado saboda ƙurar masu kwasar kaya. Malama ta ja ta tsaya a bakin ƙofa. Sitti ta ce da ni, "Yalla ya Hajja, yau babu darduma. Ke za ki buɗe."

Na taka wurin nan da ban taɓa takawa ba. Mata suka biyo ni suka cushe a gindin bango, hanci kusa da zanin, yadda ake yi in an kwance sabon dila a Bab Makka. Na yi bisimilla na ja.

Babu kowa.

Wallahi babu kowa. Dabbare-dabbare ne kawai, fenti tudu-tudu kamar kunu ya bushe a bakin ƙwarya. Nan ɗigo-ɗigo kamar an watsa shinkafa, can an ja shuɗi kusa da ruwan goro, can kuma kamar kaza ta bi ta kai da ƙafa. Ba tebur, ba ruwa, ba fuska ko ɗaya.

Taubashiyata ta kama aikinta. Ta karkata kai, ta duba bakin zanen, ta leƙa bayansa, ta shinshina. Ta ɗaga yatsu biyu za ta murza Sitti ta ce, "La, la, la!" ta janye.

"Hajja, wannan ko kyauta aka ba ni ba na ɗinkawa. Rinin ya zuba tun kafin a wanke. Ina mai takabar?"

Na nemi wurin da na san tana tsaye. Wani baƙin shafe na gani, da ɗan makuba a gefensa.

"Ina tsohon? Ko ya tafi asibitin?"

Wata ta danne dariya da bakin tobi. Ɗayar ta taɓa ni a kafaɗa ta ce, "Ba komai, Yaya, ai an sha iska," wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Sitti ba ta jin Hausa, tana ta murmushi tana gyaɗa kai, ta ɗauka yabo muke. Ni kuwa kunya ba ita ce babba ba, tsoro ne ya kama ni. To su wa nake gaisarwa duk shekarun nan? Idona ne, ko kaina ne, ko kuwa mutanen ɓoye ne suka yi ta wasa da ni suka tashi da aka kwashe kaya? Na fara karanta abin da na iya a zuci.

Sai muka ji murya daga ƙofa.

"Subhanallah. Ya jama'a, wannan walad ɗin zai sha duka. Nama yake ba kare a ƙarƙashin tebur, uwarsa ba ta gani ba."

Muka waiga. Malama ce, ta dafe ƙyaure da hannu biyu, baki buɗe, idonta ya wuce ta kanmu.

Taubashiyata ta ce, "Malama, wane yaro?"

"Ku kauce, kun tare min mai butar. Ta'alu, ku zo nan inda nake."

Ba mu juya ba. Da baya da baya muka riƙa ja, idonmu a bango, kamar masu fita daga gaban babban mutum. Ina ja ina kallon baƙin shafen nan. Sai ya yi kafaɗa. Sai ya yi wuya. Wani farin tudu da na ɗauka fenti ne ya zube ya zama ɗankwali. Shinkafar da aka watsa ta haɗu ta zama hasken rana a kan ruwa. Tebur ya miƙe, mutane suka zauna a wurarensu ɗaya bayan ɗaya, tsoho ya ɗora malafarsa a gwiwa. Kafin bayanmu ya taɓa bangon ƙofa la'asar ta cika ɗakin, ga inuwa nan kwance a jar ƙasa, shuɗiya kamar yau aka tsamo ta.

Babu wadda ta yi magana. Mu da ko a gidan makoki sai an tsawata mana. Ƙarar mukayyif kawai kake ji. Wadda ta ce min an sha iska na ga tana share ido da bakin tobi. Ni kaina da na san su tun da daɗewa, ranar na fara ganinsu, don ranar na san da me aka yi su. Mai zanen ya tsaya a inda ba a ganin komai, hancinsa a jikin ƙyalle, yana ɗiga launi, amma idonsa yana can bakin ƙofa inda mai aiki za ta tsaya da tsintsiya bayan ya daɗe a kabari. Yaya aka yi ya sani? Har yau ban gama mamakin wannan ba.

Taubashiyata ta koma gindin bango, ta dawo, ta sake komawa, tana ta safa da marwa. In ta matsa su ɓace, in ta ja su fito. Daga baya ta tsaya kusa da ni tana haki.

"Uwar gijiyata."

Na ce, "Na'am, baiwata."

"Na ga inuwar."

"Wane launi?"

"Ke dai bari." Ta nuna da haɓa. "Amma abu ɗaya kin yi ƙarya. Waccan ba takaba take ba, ciki ne da ita. Dubi yadda ta dafe ƙugu ta turo baya. Warin kifin teburin ne ya kore ta."

Na ce, "Takaba take."

"Ciki ne. Na haifi takwas, na san tsayuwar."

Sauran suka shigo maganar, wannan ta ce ciki, waccan ta ce fushi ta yi da uwar miji. Mutanen da na riƙe ni kaɗai shekara da shekaru, kafin a sha ruwa sun zama na kowa. Sitti ta tambaye ni me ake wa musu, na fassara mata. Ta ce ita tun tana amarya ta ɗauka matar jiran wani take wanda bai kamata ta jira ba, amma ba ta taɓa faɗa wa maigidan ba.

Malama ba ta tsallake dokin ƙofa ba har muka gama, kuma ita ce ta ƙarshen barin wurin. Da muka fito ta ce, "Ni dai ku shaida ban shiga ba." Can a mota ta ce, kamar da kanta take, "Wannan bawan Allah ya kalli mutane da kyau. To ina ga wanda ya yi mutanen."

Direba ya sauke mu a bakin layi bayan la'asar. Muna tafiya sai taubashiyata ta ja ta tsaya cak, har ta bayanta ta yi karo da ita. Akwai wani farin bango na masallacin layinmu da muka wuce sau ba adadi, tankin ruwa ya jefa inuwarsa a kai. Ta kama hannuna ta matse.

"Hajja. Dubi."

Na duba. Ba ta kai ta lohar ba, amma shuɗin yana nan, a layinmu, kusa da kwata. Muka tsaya mu biyar da tobin biki muna kallon inuwar tanki, har mai shago ya leƙo ya tambaya ko wani abu ne ya faɗi.

Washegari a hoshi ita ta karɓe labarin, tana ba waɗanda ba su je ba, tana yi tana ɓatawa, ina gyara mata. Maganar shuɗiyar inuwa kuma ba ta mutu ba, sai dai ta juya. In mace ta faɗi abin da ya yi wuyar yarda aka fara dariya, sai wata ta ce a bi a hankali, a ja da baya tukuna.

Lohar ta tafi a akwatinta, Sitti ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya yi mata rahama. Hoshinmu ma babu shi yanzu, an rushe layin, kowace ta kama gabanta. Taubashiyata tana can wajen ɗanta a wata unguwa mai nisa, ƙafa ta hana mu haɗuwa sai a waya. In ta kira, bayan an gaisa an tambayi jikoki da gwiwa, sai ta yi ƙasa da murya kamar mai tambayar maƙwabciya.

"Matar nan fa, ta sauka kuwa?"

In ce mata, "Takaba take."